Ciwon Mara Mai Tsanani Ga Mata, Da Batun Gane Shi Ta Awon Jini

 An umurce ni in yi muku bayani a kan wani ciwo na mata, da kuma ƙoƙarin da masana ke yi na neman hanyar gane shi ta awon jini. Tun da fari ina roƙon gafara, gama maganar ta shafi al'adar mata, abin da yaro kamata ba ya ambata a gaban manya. Amma aiki ne ya ɗora mini, kuma rufe baki a kan wannan al'amari ya daɗe yana jawo hasara.

Watakila wani zai ce, ina ruwan Hakimi da ciwon mara? To, ai wajenku a ke kawo ƙarshen maganar. Miji ya zo ya ce shekara biyar ke nan matarsa ba ta haihu ba, kuma ko wane wata sai ta kwanta kwana uku ko huɗu ba ta tsinana kome. Uba ya zo ya ce zai cire 'yarsa daga makaranta, don kullum a kan komo da ita gida tana murƙususu. Wani kuma ya sayar da akuya ya biya kuɗin awon jini a birni, an ba shi takarda an ce matarsa lafiya lau, ya komo yana cewa ashe raki ne kawai. Saboda wannan mutum na uku musamman na ke wannan jawabi.

Ko wane irin ciwo ne?

Likitoci suna kiransa endometiriyosis. Ga yadda ya ke. Cikin mahaifar mace akwai wata shimfiɗa mai laushi, wadda ta kan yi kauri ko wane wata don tanadin ɗaukar ciki. In ciki bai shiga ba sai ta saɓule ta fita, watau jinin al'ada ke nan. To, ga waɗansu mata a kan sami nama irin na wannan shimfiɗa ya tsiro inda ba muhallinsa ba, a wajen mahaifa: bisa gidan ƙwai, ko jikin hanyoyin da ƙwai ke bi, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji da mafitsara, ko bisa tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Wannan nama yana jin umurnin sinadaran jikin mace kamar yadda shimfiɗar ainihi ke ji. Wata ya zagayo, shi ma sai ya motsa, ya kumbura, ya yi tsattsafin jini, ga shi kuwa ba ƙofar fita. Yau da gobe sai wurin ya yi tabo, kayan ciki su manne da juna. A gidan ƙwai kuwa ya kan tara tsohon jini cikin wata 'yar jaka, baƙi-baƙi mai kauri kamar maɗi.

Alamunsa su ne ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada, irin wanda ke hana aiki, da zafi wajen saduwar aure, da zafi wajen bayan gida ko fitsari a kwanakin al'ada, da kumburin ciki, da kasala, da jinkirin samun haihuwa. Ba ko wace ke haɗa su duka ba. Abin mamaki kuwa, yawan naman ba shi ke nuna yawan azaba ba. Wata nata 'yan ɗigo-ɗigo ne kamar an watsa barkono, amma ba ta iya miƙewa. Wata kuwa cikinta duk ya manne, ba ta san tana da kome ba sai da a ka shiga binciken rashin haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa wajen kashi 10 cikin 100 na matan da ke cikin shekarun haihuwa suna da shi, watau kimanin mata miliyan 190 a duniya. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya zuwa ta hanyar lalata, ba kuma sammu ba ne ko taɓin iska. Gado yana da hannu a ciki, don binciken da a ka yi a kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da shi daga jinin iyaye ya ke.

Ba sabon ciwo ba ne. Wani likitan ƙasar Ostiriya, Karl Rokitansky, ya bayyana irinsa a 1860. Daga baya John Sampson na Amurka ya yi ta nazarinsa cikin shekarun 1920, shi ne kuma ya yaɗa sunan da a ke kiransa da shi. A 1927 ya kawo bayanin cewa wani kashi na jinin al'ada ya kan koma da baya ta hanyoyin ƙwai ya zuba cikin ciki, ya dasa naman a can. Amma an gano daga bisani cewa wajen mata tara cikin goma jininsu ya kan koma da baya haka, ba su kuwa kamu da ciwon ba. Saboda haka bayanin Sampson ɓangare ne na amsa.

Akwai wata tsohuwar magana da ya kamata a kawar. Shekaru da dama littattafan likita na Turai da Amurka suna koyar da cewa wannan ciwon matan Turawa ne masu hali, waɗanda ke jinkirta aure, baƙar mace kuwa da wuya ta same shi. Sakamakon haka, in baƙar mace ta zo da ciwon mara sai a ce ciwon sanyi ne, a ba ta maganin ƙwayoyin cuta a sallame ta. Wani likita a Shikago, Donald Chatman, ya leƙa cikin matan baƙar fata da madubi, ya buga abin da ya gani a 1976: da yawa daga waɗanda a ka ce sanyi ke damunsu, wannan ciwon ne. A nan gida ma, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun sun ba da labari a 2015 cewa cikin mata 239 da a ka leƙa cikinsu, an sami ciwon ga 115. Kada dai a ɗauka rabin matan ƙasa ke nan. Waɗannan mata ne da ciwo ko rashin haihuwa ya riga ya kai su gaban likita. Abin da lissafin ya tabbatar shi ne ciwon yana nan cikinmu, ba kaɗan ba.

Me ya sa a ke neman awon jini?

Dalili shi ne wuyar gane ciwon. Shekara da shekaru hanya ɗaya tak a ka amince da ita, watau a sa mace barci, a huda cikinta kusa da cibiya, a zura wani siririn madubi mai fitila a duba, in an ga naman a gutsuro kaɗan a kai ɗakin awo. Gani ya kori ji, gaskiya ne. Amma wannan aiki yana bukatar likitan da ya ƙware, da mai ba da maganin barci, da kayan aiki masu tsada, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da kuɗi a hannun mai haƙuri. Kun fi ni sanin ƙauyuka nawa ne cikin gundumominku ke da nisan yini guda daga inda a ke samun waɗannan. Hoton ciki na na'ura, wanda a ke yi wa masu juna biyu, ya kan nuna jakar jinin nan ta gidan ƙwai, kuma a hannun gwani ya kan nuna naman da ya nutsa ciki. Amma 'yan ɗigo-ɗigon da ke bisa tantani ba ya ganinsu, su ne kuwa su ka fi yawa.

Saboda haka mata su kan daɗe suna yawo. Wani bincike da a ka buga a 2011, wanda ya haɗa mata 1,418 daga ƙasashe 10, har da Nijeriya, ya sami cewa tsakanin farkon alamu da ranar da a ka faɗa wa mace sunan ciwonta a kan yi kusan shekara 7. Ya kuma sami cewa ciwon yana cinye wa mace aikin kusan awa 11 ko wane mako. Yarinyar da ta fara ciwo tana da shekara 15, ba za ta ji sunansa ba sai ta wuce 20, in ma ta ji.

To, kun ga abin da a ke buri. Yadda yau a ke tsaga yatsa a ɗiga jini a san ko zazzaɓin cizon sauro ne cikin minti 15 ko 20, ko a auna a san mai sikila kafin ɗaurin aure, haka a ke son a sami awon da malamin asibitin ƙauye zai yi ya ce wa mace, ke tafi babban asibiti, ke kuwa ciwonki wani ne dabam. Buri ne mai kyau, kuma ba wanda zai fi mutanenmu na karkara cin moriyarsa.

Sawun ciwo a cikin jini

Ko wane ciwo da ke aiki a jiki ya kan zubar da wani abu cikin jini, kamar yadda ɓarawo ke barin sawu a bakin danga. Abin na iya zama furotin da naman ke fitarwa, ko sinadarin kumburi, ko abin da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙi, ko wani guntun saƙo daga cikin ƙwayoyin halitta. Aikin masana shi ne su sami sawun da ya ke na wannan ɓarawo shi kaɗai.

Ku da kuke zaman sulhu kun san shaida iri biyu ne ke ɓata shari'a. Akwai wanda ɓarawo zai wuce ta gabansa ya ce bai ga kowa ba. Akwai kuma wanda zai nuna mutumin kirki ya ce shi ne. Awo ma haka ya ke, da waɗannan ma'aunai biyu a ke gwada shi: cikin masu ciwo 100, nawa ya kama? Cikin marasa ciwo 100, nawa ya wanke? Masanan Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci ta tace, sun yanka cewa kafin awon jini ya maye gurbin leƙen ciki, sai ya kama 94 cikin masu ciwo 100, ya kuma wanke 79 cikin marasa ciwo 100.

Yanzu bari in zo ga awon da ya fi shahara, wanda a ke yi a ɗakunan awo na biranenmu, watau CA-125. Wani furotin ne da Robert Bast da abokan aikinsa su ka gano a Boston a 1981, suna neman alamar ciwon dajin gidan ƙwai. Don wannan a ka yi shi, kuma har yanzu likitoci suna amfani da shi wajen bin lafiyar matan da a ke yi wa maganin wannan daji. A 1986 a ka lura ya kan hau ga matan da endometiriyosis ɗinsu ya yi nisa, sai a ka sa rai an sami abin nema. An saba ɗaukar 35 a matsayin iyaka, abin da ya haura nan a ce ya hau.

Amma da a ka tara bincike a ka auna shi da ma'aunan nan biyu, ga abin da ya fito. A kan iyakar 35, cikin mata 100 masu ciwon, 40 kaɗai ya ke kamawa, 60 su wuce ya ce bai gan su ba. Cikin marasa ciwon 100 kuwa, ya kan wanke 91, ya ɗora wa 9 abin da ba su da shi. Ina roƙon malamai su rubuta wannan 60 ɗin su ja masa layi. Ma'anarta ita ce, in mace mai wannan ciwo ta yi awon, ya fi yiwuwa takarda ta fito da kyau bisa ga ta nuna wani abu. Mutumin nan da ya sayar da akuyarsa, takardar da ke hannunsa ba ta wanke matarsa daga ciwo ba ko kaɗan, balle ta tabbatar da raki.

Hawansa ma ba hujja ba ce. Wannan furotin daga tantanin ciki da makamantansa ya ke fitowa, saboda haka duk abin da ya taɓa tantanin ya kan ɗaga shi. Ya kan hau lokacin al'ada ita kanta, da farkon ciki, da ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita ƙwarai ga matan baƙar fata, da ciwon sanyi na mara, da tarin fuka in ya sauka cikin ciki, da ciwon hanta mai tara ruwa. Duk waɗannan kuwa muna da su a ƙasar nan. Wani abin tausayi kuma, mace ta karɓi takarda ta ga lamba ta hau, wani mai ɗan karatu ya gaya mata ai wannan awon daji ne, gida ya rikice da kuka a kan abin da ba shi ne ba. Saboda waɗannan dalilai hukumar da ke tsara ƙa'idodin aikin likita a Ingila ta rubuta a 2017 cewa kada a yi amfani da CA-125 don gane wannan ciwo.

A 2016 Ƙungiyar Cochrane ta yi wa batun tankaɗe da rairaya gaba ɗaya. Ta tattara bincike 141, waɗanda su ka shafi mata 15,141, a ka duba alamu iri 122 na cikin jini. Ko ɗaya ba ta cika sharaɗin da a ka yanka ba. Galibinsu ma an gwada su ne a bincike ɗaya ko biyu, a kan mata kaɗan.

Dalilan wannan wuya suna da yawa. Jinin mace yana sauyawa daga mako zuwa mako cikin wata, har abin da a ka auna ranar 3 ba shi za a samu ranar 20 ba. Mai shan ƙwayar tsarin iyali nata dabam ne. Ciwon kansa ba fuska ɗaya gare shi ba, akwai na bisa tantani, akwai na gidan ƙwai, akwai mai nutso, kuma mai yiwuwa ne ko wanne da irin sawunsa. Naman da bai fi ƙwayar gero ba, abin da zai zubar cikin jinin jiki duka ɗan kaɗan ne ainun. Sa'an nan alamun kumburi na kowa ne, mai zazzaɓi ma yana da su. Amma a ganina babban tarko shi ne zaɓen waɗanda za a gwada da su. In ka jera mai ciwo mai tsanani da mace lafiyayya garau, rarrabe su ba wuya. Likita kuwa ba wannan ke gabansa ba. Mata biyu ne ke gabansa, duka suna riƙe da mara suna kuka, ɗaya wannan ciwon ne, ɗaya wani ne. Awon da bai iya raba waɗannan biyu ba bai rage masa aiki ba.

Inda bincike ya kai

Ba a yi zaune ba. Cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai waɗansu 'yan guntayen saƙo da a ke kira maikuro-RNA, waɗanda aikinsu shi ne rage ƙarfin waɗansu umurnai na gado, kamar wakili mai cewa wannan doka a sassauta ta. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne su ka buɗe wannan fage a 1993, suna nazarin wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, a ka kuwa ba su lambar Nobel a 2024 saboda shi. A 2008 a ka gano waɗannan guntaye suna yawo cikin jini ba su lalace ba, kuma yawansu yana sauyawa in akwai ciwo. Nan da nan masu binciken ciwon mata su ka dukufa.

A 2020 masanan Jami'ar Yale ta Amurka su ka ba da labarin cewa, da su ka haɗa guda 6 daga cikin guntayen nan, sun rarrabe masu ciwon da marasa shi da kyau ƙwarai cikin mata 100. Amma shekara guda kafin nan, masanan Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun zaɓi nasu guntayen, sun ga alamar nasara, da su ka sake gwadawa a kan wani rukunin mata dabam sai abin ya faɗi, bai fi cinta da ka da yawa ba. Wannan ya sha faruwa, har jerin guntayen da wannan jami'a ta samu ya kan saɓa da na waccan. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ɗaya daga guntayen da a ke aunawa, mai lamba 451, ya cika maƙil cikin jajayen ƙwayoyin jini. In kwalbar jini ta sha rana, ko ta sha girgiza a bayan babur, ƙwayoyin su ka fashe, sai ya malalo ya ɓata lissafi. Awon da ya yi kyau a asibitin da firji ke kusa da gadon mai haƙuri, sai an sake gwada shi a hanyar da kwalba za ta yi tafiyar awa uku cikin zafin bazara.

Faransawa sun bi ta wata hanya, su ka nemi guntayen cikin yawu maimakon jini. Kamfanin Ziwig ya fito da awo mai suna Endotest, wanda ke duba guntaye 109, an kuma fara buga sakamakonsa a 2022 bisa mata 200. A 2025 Gwamnatin Faransa ta yarda ta biya kuɗinsa ga mata har 25,000 a waɗansu zaɓaɓɓun asibitoci, da sharaɗin a ci gaba da tattara hujja a ga ko yana rage yawan hujin ciki. Kuɗin awo ɗaya wajen Yuro 800 ne, sai ku lissafa da kanku. A Ostareliya kuma, wani kamfani na birnin Perth tare da likitocin Melbon sun buga a ƙarshen 2024 cewa sun sami furotin iri 10 cikin jini, bayan sun gwada mutum 805, kuma awon ya fi ƙarfi wajen gane ciwon da ya riga ya yi nisa. Labarai ne masu daɗin ji. Sai dai a tuna, a irin wannan bincike sau da yawa mai kayan yana cikin masu yabon kayan, don haka a kan jira waɗansu da ba su da riba a ciki su sake gwadawa. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Ta wajen gado ma an ci gaba. A 2023 wani babban bincike da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya kwatanta mata sama da 60,000 masu ciwon da sama da 700,000 marasa shi, ya gano wurare 42 cikin kundin gadon ɗan Adam da ke da alaƙa da shi. Wannan ya ƙara fahimta, amma ba awon gane ciwo ba ne, gama mace na iya gadon haɗari ba ta kamu ba. Matan da a ka yi binciken da su kuwa jinin Turai ne da gabashin Asiya. Sakamakon da a ka samu a kansu ba a ɗora shi bisa 'ya'yanmu sai an gwada a nan.

Saboda haka, da Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta sabunta ƙa'idarta a 2022, ta ce kada likita ya dogara da wata alama ta cikin jini, ko ta jinin al'ada, ko ta naman mahaifa, don yanke hukunci a kan wannan ciwo. Amma ta kawo wani sauƙi da ya fi awon amfani gare mu a yau. Ta ce ba dole ne sai an huda ciki kafin a fara magani ba. Likita na iya sauraron bayanin mace, ya duba ta, ya yi hoton ciki, in alamu sun nuna ya fara magani. Leƙen ciki a ajiye shi ga wadda hoto bai nuna kome ba, ko wadda magani bai yi mata ba.

Ga wani ɗan lissafi don malamai, tun da ku ne ma'abota alƙalami. A ce gobe an sami awon da ya cika sharaɗin nan na 94 da 79, wani ya zo da mota da lasifika ya ce zai auna matan gari duka. A ce mata 1,000 ne, 100 ke da ciwon. Awo zai kama 94 daga cikinsu, 6 su kuɓuce. Sauran 900 kuwa, kashi 21 cikin 100 nasu zai ɗora musu, watau mata 189. Jimlar waɗanda za a ce suna da ciwo 283 ke nan, alhali na gaskiya 94 ne, ɗaya cikin uku. Kun ga ko awo mai kyau, wurinsa shi ne hannun likita, ga macen da ta zo da alamu. Ba kayan talla ba ne a bakin kasuwa.

Abin da mu ke roƙo gare ku

Na farko dai, in irin wannan magana ta zo gabanku, a gaskata matar. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ciwon al'ada na kwana ɗaya wanda ƙwayar rage zafi ke kwantarwa, wannan sananne ne. Amma wanda ke kayar da mace ko wane wata, ya hana ta girki ko makaranta, ya sa ta amai ko suma, wannan na asibiti ne. In miji ya nuna muku takardar CA-125 ya ce an wanke ta, ku gaya masa zancen 60 ɗin nan. Kada kuma a ce wa yarinya ta yi haƙuri aure zai warkar da ita, ko haihuwa. Ciki ya kan kwantar da alamun na ɗan lokaci ga waɗansu, amma su kan komo.

Maganin da zai tumɓuke ciwon har abada bai samu ba tukuna, amma akwai masu sauƙaƙa shi ƙwarai: magungunan rage zafi da kumburi, da magungunan da ke kwantar da sinadaran al'ada, da aikin cire naman in ya kama. Magungunan kwantar da al'ada suna hana ɗaukar ciki muddin a na shansu, saboda haka mai neman haihuwa ta faɗa wa likita tun farko, don hanyarta dabam ce. Mata da yawa masu wannan ciwo suna haihuwa, waɗansu ba tare da wani taimako ba. In kuwa ƙarar rashin haihuwa ce, a shawarci mijin shi ma a auna shi kafin a kai ga maganar saki, gama sau da yawa matsalar daga wajen namiji ta ke, awonsa kuma ya fi na mace sauƙi da araha. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato da Maiduguri, duk suna da sashen likitocin mata, kuma ta hannun asibitin gunduma a ke samun takardar turawa.

Wani abu guda kada a haɗa shi da wannan. Macen da al'adarta ta ɗauke wata ɗaya ko biyu, sa'an nan ciwon mara ya sare ta farat ɗaya, tana jiri ko suma, wannan na iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe. Ba a kwana da ita a gida, a nemi mota a wannan sa'a.

Ku kuma malamai, ga inda alƙalaminku zai yi aiki. Tun da likita yanzu da bayanin mace ya ke fara aiki, bayanin da a ka rubuta ya fi wanda a ka riƙe da ka. Ku ja layi a takarda, ku yi gida-gida: ranar da al'ada ta fara, kwana nawa ta yi, waɗanne ranaku ciwo ya yi tsanani, ko ya hana aiki ko makaranta, ko akwai zafi wajen bayan gida ko fitsari, wane magani a ka sha, ya yi amfani ko bai yi ba. A cika ta wata uku a jere, a tafi da ita asibiti. Ku ku tsara takardar kawai, ku ba mai gida ko ungozoma ko malamar makarantar 'yan mata. Cikawa kuwa aikin matar ne, ko wata mace da ta amince da ita, da boko ko da ajami, wanda duk ya sauwaƙa. Kada sunan kowa ya shiga littafin ofis, kada kuma a karanta takardar a zaure.

In wani ya zo gundumarku da sabon awo yana neman izinin tara mata, ku tambaye shi takardar amincewar hukumomin lafiya, ku tambaye shi cikin masu ciwo 100 nawa awonsa ke kamawa, a kan waɗanne mata a ka gwada, kuma wane likita zai karɓi waɗanda awon ya nuna. Sa'an nan ku aika wa babban jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ya zo ya duba takardun kafin a buga shela.